Wa ya fi iya riƙon ƙasa a cikin Rumawan da?

Malamin Tarihi: Jama'a, a shugabannin tsohuwar Rum wa kuke gani ya fi? Ni dai Agustus ne nawa. Ya tarar da Rumawa suna ta karkashe juna, ya kashe wutar, ya riƙe ƙasar daga 27 kafin Miladiyya har 14 bayanta. Shi ya kafa 'yan kwana-kwana a birnin, ya yanka wa tsofaffin sojoji kuɗin sallama.

Maman Yara: Haba Malam, jinin da ya zubar kafin nan fa? A 43 kafin Miladiyya da yardarsa aka yanka Sisero, ɗan siyasar Rum da ya shahara wajen iya magana, aka kafe kansa a dandalin da yake yi wa jama'a jawabi. Wallahi abin nan yana ci mini rai.

Manomi: Sinsinatus nake so. Rumawa sun ruwaito cewa a gona aka same shi yana huɗa, aka damƙa masa iko gaba ɗaya. Ya ci yaƙi, cikin kwana 16 ya ajiye mulkin, ya koma kan garmarsa.

Malamin Tarihi: Baba, halinsa abin yabo ne. Amma riƙon ƙasa nake tambaya, kuma Agustus ya yi shekara 40 yana kai. Hajiya, zancen Sisero kam kin kama ni.