Wane suna za mu ba "integration" a takardar ƙa'idojin kwas?

Malamin lissafi, Dundaye

Assalamu alaikum malamai. Akwai takardar da ake raba wa ɗalibai ranar farko ta kwas ɗin kalkulas (lissafin abubuwa masu canzawa), mai faɗin abin da za a karanta, yadda za a raba maki, da abin da ke sa a rage shi. Ana son fitar da ita da Hausa kusa da ta Turanci, don yaro ya san abin da ake nema gare shi tun kafin gwajin farko. Rabinta ba wuya: aikin cikin zango maki 30, jarrabawa 70, maki 40 ne ci, wanda halartarsa ba ta kai kashi 75 cikin 100 ba ba ya zama jarrabawa. Inda aka cije shi ne sunan darasin kansa, integration, da sunan abin da ake samu, integral. Uku ke gabana: tarawa, haɗewa, ko a bar shi intagireshin yadda yara ke faɗa. A taimaka da shawara.

Malama, Farfaru

Wa alaikumus salam Malam. Tarawa dai a cire ta. Tun firamare yaro ya san tarawa da ɗebewa, biyu a tara da uku biyar. In ka ce masa "tara 3x²" zai tambaye ka a tara da me. Kuma sunan abin da aka samu zai zama tari, wanda a rubuce ba ya da bambanci da tarin majina. Haɗewa ma ba ta tsira ba, don malamai da yawa haɗawa suke ce wa wancan lissafin na firamare.

Injiniya, Arkilla

Malama, ban ƙi ba, amma ma'anar tarawa ita ce cibiyar abin, kada mu yar da ita. A ɗauki famfo yana zuba ruwa a tanki, ƙarfinsa yana raguwa: a minti na t yana zuba lita 20 − 2t a minti guda. Lita nawa suka shiga cikin minti 10? Ba za ka ce 20 sau 10 ba, don ƙarfin bai tsaya wuri ɗaya ba. Sai ka yanyanka lokacin ƙanana-ƙanana, kowane yanki ka ninka shi da ƙarfin famfon na wannan lokaci, ka tara. Yankan na ƙara sirancewa, jimlar na ƙara matsowa ga adadi ɗaya, lita 100. Shi kansa Leibniz da ya fara rubuta alamar ∫ a 1675, harafin S ne ya miƙar, farkon kalmar Latin ta jimla. Duk sunan da za a zaɓa, ya riƙe wannan.

Malam, Kanwuri

Allah shi gafarta malamai. Mi zai hana a ɗauko ta Larabci? Larabawa takamul suka ce ma wanga fanni, ɗan'uwa nai kuwa, differentiation, tafadul. Asalin kalmar guda ne da kamala da kammalawa, waɗanda Hausa ta daɗe da ara. Lissahi da hisabi da jimla duk nan munka samo su. Kuma ba baƙon ilimi ba ne ga musulmi: Ibn al-Haisam, kusan shekara dubu da ta wuce, ya fitar da hanyar tara lambobi masu ƙarfi na huɗu (irin su 1⁴, 2⁴, 3⁴) don auna cikin wani siffa mai kama da ƙwarya.

Dakta, Gawon Nama

Ranka ya daɗe Malam, takamul na da asali mai kyau. Abin da ya rage mata shi ne ba ta ba mu fi'ili. A allo umarni ake bayarwa: yi kaza ga wannan, daga nan zuwa can. Ba a cewa "takamula wannan", in kuwa aka ce "kammala wannan" yaro zai ɗauka ƙarasa aikin ake nufi.

Ni dunƙulawa nake gani. Kalmar integral, wadda Jacob Bernoulli ya fara bugawa a 1690, daga kalmar Latin ta abu cikakke, wanda ba a gutsura ba, ta fito. Mai fura tana ɗaukar gari, ƙwaya-ƙwaya ba mai iya ƙirgawa, ta dunƙula shi ya zama abu ɗaya da za a riƙe a hannu. Abin da Injiniya ya kwatanta da tanki ke nan. Muna kuma cewa "a dunƙule" in muna nufin jimlar magana. Ga fi'ili: dunƙula 3x². Ga suna: dunƙule. Ga aikin: dunƙulawa. Abin da ke tsakanin ∫ da dx kuwa shi ne abin dunƙulawa.

Wata shawara da na san za ta zo ita ce "awon fili", don da hoton filin da ke ƙarƙashin layi ake fara koyarwa. Ina roƙon kada a karɓe ta. Dunƙulen sin x daga 0 zuwa 2π sifiri ne, alhali filin da ke tsakanin layin da ginshiƙin x 4 ne, don rabin da ke ƙasa yana cinye rabin da ke sama. Ɗalibin da aka koya wa cewa abu ɗaya ne zai rubuta sifiri inda ake neman 4, ko 4 inda ake neman sifiri, kuma sunan da muka ba shi ne ya kayar da shi.

Malama, Farfaru

Dakta, na karɓi dunƙulawa. Saura iri biyu na dunƙule, don a kansu rabin ƙa'idojin maki suke. Wanda ke da lambobi sama da ƙasan alamar, amsarsa adadi ce. Wanda ba shi da su, amsarsa dangin ayyuka ne (aiki shi ne function, irin su 3x²), shi ya sa ake ƙara + C, wato kowane tsayayyen adadi. Bakin mutum zai yi saurin cewa "mai iyaka" da "marar iyaka". Na farko daidai ne. Na biyu zai rikita mu a ƙarshen zango, lokacin da za a zo kan dunƙulen da ke tafiya zuwa ∞, alamar abin da ba ya ƙarewa, don shi ne kunne zai ji a matsayin marar iyaka. Shawarata: dunƙule mai iyaka, buɗaɗɗen dunƙule ga mai + C, sai dunƙule mai zarcewa ga wanda iyakarsa ∞ ce ko aikin ya tsinke a cikinsa.

Na ukun nan a ba shi layinsa a takardar. Dunƙulen 1/x² daga −1 zuwa 1, yaro zai bi ƙa'ida ido rufe ya samu −2. Aikin kuwa bai taɓa sauka ƙasa da sifiri ba, ta ina ragi zai fito? Ya tsinke ne a x = 0, dunƙulen ba shi da amsa. A rubuta cewa duba inda aiki ya tsinke yana da makinsa, kafin a fara lissafi.

Malam, Kanwuri

To madalla. Dunƙulawa Hausa ce tsantsa, na janye. Sai dai a rubuta takamul sau guda cikin gabatarwa, don ɗiyan da sunka hito makarantun Larabci su gane abin da sunka sani ne.

Malamin lissafi, Dundaye

Za a sa, Malam. Bari in gwada kalmomin a kan sashen rabon maki, mu ji ko sun zauna. Tambaya mai maki 10: dunƙula x(x² + 1)³ daga 0 zuwa 2. Hanyar musanya ce. Zaɓen u = x² + 1 da rubuta du = 2x dx, maki 3. Sauya iyakoki su koma 1 da 5, maki 2. Dunƙula rabin u³ ya zama u⁴/8, maki 3. Sa iyakoki, 625 a ɗebe 1 a raba da 8, 78, maki 2. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a musanya x da u a bar iyakoki 0 da 2 yadda suke, amsa ta fito 2. Wannan ɗalibi ya rasa makin iyakoki da na amsa, amma 6 nasa ne, tun da hanyarsa na kan takarda. Wanda ya rubuta 78 kaɗai ba aiki, 2 zai samu. Buɗaɗɗen dunƙule ba + C, a rage 1. Barin dx, a rage 1, don dx ne ke faɗin abin da ake dunƙulawa a kansa, kuma wanda ya saba barin sa shi ne ke mance rabin nan wajen musanya. Dunƙulen 1/x a rubuta ln|x| + C da sandunansa biyu.

Injiniya, Arkilla

Sun zauna. A ƙara biyu. Tambayar da ta zo da ma'auni, amsa ta zo da nata: lita a minti sau minti, lita. Sannan kalkuleta: a yarda da ƙaramar ta kimiyya, ban da mai adana rubutu ko mai yin dunƙulawa da kanta, waya kuwa ba ta shiga ɗaki ko a kashe take. A gaya musu su mai da ita kan radiyan, ma'aunin kusurwa, ba digiri ba. Ƙa'idar cewa dunƙulen cos x shi ne sin x a radiyan take aiki, in kalkuleta na kan digiri sin 2 zai fito 0.035 maimakon 0.909.

Dakta, Gawon Nama

A saman takardar a faɗa a fili cewa jarrabawa da Turanci za ta zo, kuma alamomi ba sa canzawa, don haka kowace kalmar Hausa a jera ta da takwararta a shafin farko. A kuma sa sharaɗin shiga: wanda bai iya fitar da dy/dx (saurin canzawar aiki, akasin dunƙulawa) na x²·sin x ba tare da duba littafi ba, ya koma ya gyara a makon farko, don kowane buɗaɗɗen dunƙule da hakan ake tabbatar da shi. Ka fitar da dy/dx na amsarka, in abin dunƙulawa bai dawo ba, akwai kuskure.

Malamin lissafi, Dundaye

Na gode malamai. Abin da zai shiga takarda: dunƙulawa, dunƙule, abin dunƙulawa, dunƙule mai iyaka, buɗaɗɗen dunƙule, dunƙule mai zarcewa, hanyar musanya. Hanyar ∫u dv, wato integration by parts, na sa mata dunƙulawa kashi-kashi, sai in wani na da wadda ta fi. Wanda gwaji ya wuce shi saboda rashin lafiya ya kawo takardar asibitin makaranta cikin mako guda a sa masa rana. Sunan dy/dx da aikin fitar da shi har yanzu ba mu taɓa ba, kuma layin Dakta na ƙarshe ba zai rubutu ba sai da shi. Malama, ke za ki buɗe mana wannan.