Bayan taraktata na ɗagawa idan na cika bokitin loda, me zan ɗaura mata?

Mai Gonar Kura:

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin tarakta. Tawa ƙarama ce, ta hannu, mai ƙarfin doki 38, tana ja da ƙafa huɗu, kuma da lodarta a gaba na saye ta, wato hannuwan ƙarfe masu bokitin kwasar kaya. Aikinta kwasar taki daga garke zuwa gona, sai yanzu da muke ginin ɗakin kaji muna ɗebo yashi da ita daga rafi.

Da busasshen taki ba ta taɓa ba mu matsala ba. Amma jiya da aka cika bokitin da jiƙaƙƙen yashi, yaron da ke tuƙa ta ya ɗaga shi sama, yana karya sitiyari zai hau gaɓa, sai tayar baya ta hagu ta bar ƙasa, har ina hango haske ta ƙarƙashinta. Allah ya taƙaita, ya saki bokitin ƙasa ta koma ta zauna. Ban da wannan, sitiyarin yana yin nauyi, tayoyin gaba suna lotsawa kamar babu iska, na baya kuma sai su yi ta juyawa a banza a kan yashi.

Leburorin sun ce biyu ko uku za su riƙa hawa baya suna danne ta, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Mai faci ya ce a ɗura wa tayoyin baya ruwa. Lambar tayar 12.4-24 ce. Ruwan ya isa, ko akwai abin da ya fi shi?

Ɗan Fadama:

Wa alaikumus salam Alhaji. Mai facinka ya faɗi gaskiya, tamu ma ruwa ne a ciki. A ɗaga ƙafar da jak, a juya tayar har bakin iskar ya koma can sama, a kwance allurar, a yi ta ɗura ruwa ana bari iska tana fita. Da ruwan ya kawo daidai bakin sai a tsaya, kashi uku cikin huɗu ke nan, ragowar a cika da iska don tayar ta samu wurin lotsawa. Irin taka kowace za ta sha wajen lita 110, ka ga ka samu kilo 220 a ƙasa ba da ko sisi ba. Dukkan biyun za a yi wa daidai. A Turai da Amurka suna haɗa ruwan da wani gishiri don kada ya daskare da sanyi, mu nan ba ruwanmu da shi, cin rim ma yake yi. Ka dai tabbatar akwai tiyub a ciki.

Tsohon Direba:

Alhaji, kafin komai, don girman Allah kada ka bar kowa ya hau bayan nan. Mutum uku duka-duka kilo 200 ne, ba su ma kai nauyin da ake buƙata ba, kuma ranar da ta kife su ne a ƙarƙashi. Kujera ɗaya aka yi wa tarakta.

Ruwan da Ɗan Fadama ya faɗa yana da kyau, ka zuba. Amma rabin magani ne, bari in faɗa maka dalili.

Ka san amalanke. In aka jibga kaya a gaban tayoyinta, hannuwan sai su yi sama. To tayoyin gaban taraktarka su ne tayoyin amalanken. Bokitin irin waɗannan ƙananan yakan ɗauki kamar rubu'in mita kubik, jiƙaƙƙen yashi kuwa mita kubik ɗaya yana kai kilo 1,900, wato bokiti ɗaya ya doshi kilo 500. Busasshen taki bai kai rabin haka ba, shi ya sa ba ka ga komai ba sai da ka shiga rafi.

Mu ɗauki misali da kilo 400 don lissafi ya yi sauƙi. A ce tsakanin ƙafar gaba da ta baya mita 1.6 ne, kayan kuma suna mita 1.2 a gaban ƙafar gaba. Wannan kilo 400 zai zare kilo 300 daga kan tayoyin baya ya mayar gaba. Ƙafar gaba ke nan ta ɗauki ƙarin kilo 700, ban da nauyin ƙarfen lodar kanta. Ga inda nauyin sitiyarin ya fito, ga lotsawar tayoyin.

Ruwan cikin taya yana zaune ne a kan ƙasa daidai ƙafar baya. Zai danne bayan, zai ba ka riƙo, amma ko kilo ɗaya ba zai sauke wa ƙafar gaba ba. Abin da ke sauke mata shi ne nauyin da aka rataya a can bayan ƙafar baya, a hannuwa ukun nan da ake maƙala garma. Kilo 400 a santimita 80 bayan ƙafar baya zai ɗauke kilo 200 daga gaba, ya ɗora kilo 600 a kan tayoyin baya.

Akwai kuma abubuwa biyu da yara masu tuƙi da yawa ba su sani ba. Ƙafar gaba a tsakiya aka maƙala ta da fin guda, tana lilo hagu da dama, don haka ba ta hana tarakta kifewa gefe, tayoyin baya ne ke wannan aikin. Sannan a yawancin ƙananan nan birki a baya kawai yake. Bayan da ya yi sakayau, ba birki, ba abin da ke riƙe ta.

Ni abin da nake yi wa mutane, durom ne na lita 200. Mai walda ya huda shi gefe da gefe ya zura ƙaton rodi, bakinsa biyu su zama fin na milimita 22 da hannuwan ƙasa za su kama, a sama kuma a dasa kunnuwa biyu na fin ɗin milimita 19. Ya zo ya auna a jikin taraktar, kada ya yi da ka. Sai a cika da kankare, buhun siminti ɗaya da rabi ya wadatar. Cikakken durom yana kai wajen kilo 480. Nakan tsaya a kansa in ga an dasa guntun fayif a tsaye kafin ya bushe, nan ake soke shebur. A bar shi ya yi mako ana ba shi ruwa kafin a ɗaga. In an rataya, a ɗaure sarƙoƙin gefe tamau kada ya riƙa kaɗawa, kuma a ɗaga shi kaɗan kawai, iya yadda ba zai taɓa ƙasa ba.

Shi kuma yaron a gaya masa: bokiti ƙasa-ƙasa ake tafiya da shi, ba a ɗagawa sai an zo wurin juyewa, a tsaye, a fili mai lebur. Ba a karya kwana a kan gaɓa. Da kaya a bokiti, hawa da gaba ake yi, sauka da baya. In akwai ƙarfen kariyar nan na saman kujera a bar shi a miƙe, ya ɗaura bel. Sakin bokitin da ya yi jiya kuwa daidai ya yi, a yaba masa.

Bakanike Na Kwanar Dawaki:

Duk abin da Baba ya faɗa haka yake. Ƙananan taraktoci masu loda da ake kawo mana, ciwonsu ɗaya: boris ɗin ƙafar gaba ya ci, mai yana tsiyaya ta bayan taya. Ka leƙa taka yau, in ka ga jiƙar mai a cikin rim, ta fara. Tayoyin gaba kuma a ba su iska zuwa adadin da aka rubuta a jikinsu. Inda zan ɗan saɓa da Baba, kafin durom ya bushe ba sai aiki ya tsaya ba. In kana da haro ko garma mai faifai ka maƙala, nauyi ne, kuma yana can baya sosai. Sai dai a kula da tsawonsa wajen juyawa kusa da gini ko mutane.

Mai Gonar Kura:

Allah ya saka da alheri, na hana hawa bayan tun yau. Baba, hannuwan ƙaramar tarakta za su iya da kilo 480? Kuma in za mu koma huɗa, a sauke durom ɗin da ruwan duka?

Tsohon Direba:

Amin, Alhaji. Yawancin masu ƙarfin doki irin taka suna ɗaga fiye da haka, amma ka duba littafinta, ko ka nema a intanet da lambar da ke jikinta. A nan za ka ga iyakar abin da hannuwan ke ɗauka, littafin lodar kuma yakan faɗi nauyin da ake so a baya. In ƙarfinta bai kai ba, a yanke kashi ɗaya cikin huɗu na durom ɗin, ya dawo wajen kilo 360, ruwan taya ya cike sauran.

Lokacin huɗa dole durom ya sauka, tunda garma za ta hau wurinsa. Ruwan ka bar shi, zai taimaka wajen ja. In lodar mai cirewa ce ka cire ta ka ajiye har a gama, ƙafar gaba ta huta. Yashin rafi kuma ko bayan ka yi duk wannan, a daina yi wa bokitin tozo, a tsaya daidai baki.