Gudun mita 400 bayan shekara 50: garin furotin ne mafita, ko akwai abin da ya fi shi?

Tsohon Ɗan Tsere: Assalamu alaikum. Shekarata 52, nauyina kilo 70, kuma na koma atisayen gudun mita 400 da niyyar shiga gasannin manya, waɗanda hukumar World Masters Athletics ke farawa daga shekara 35, tana raba 'yan wasa rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar. Damuwata ita ce duk ranar da na yi gudu mai tsanani, cinyoyina da agarata sukan daɗe suna ciwo, abin da ban sani ba a ƙuruciya. Matasan da muke atisaye tare sun ce in sayi garin furotin da kiriyatin, wani sinadari da ake sha don ƙara ƙarfin tsoka. Ina shan maganin hawan jini, wani lokacin kuma nakan sha maganin rage ciwo na diclofenac kafin in fita. Me masana za su ce?

Koci Mai Ritaya: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka kai kuɗinka kanti, ka fara duba jadawalinka. Jikin ɗan shekara 50 yakan buƙaci kwana biyu zuwa uku tsakanin atisaye mai tsanani da wani, kuma agara ta fi tsoka jinkirin sabawa da wahala, shi ya sa ita ce ke fara kokawa. Gudu mai ƙarfi sau biyu a mako ya wadatar, sauran ranakun a yi sassarfa da ɗaga nauyi, musamman ɗaga dunduniya a bakin matakala ana sauke ta a hankali. Barcin awa 7 zuwa 9 kuwa babu garin da zai maye gurbinsa.

Batun furotin gaskiya ne, domin tsokar mai shekaru ba ta amsa abinci kaɗan kamar ta saurayi. Mai atisaye irinka yana buƙatar wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato kusan giram 110 a wuni, a raba shi kamar giram 30 a kowane ci. Inda mutanenmu ke gazawa shi ne karin kumallo: koko da burodi, sai a tara nama a tuwon dare. Furotin da ke cikin ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, don haka sai an haɗa da kindirmo, ƙosai ko awara. Wanda ya samu wannan a kwanonsa ba ya buƙatar gari.

Ma'aikaciyar Lafiya: Yallaɓai, abin da ya fi ɗaukar hankalina a tambayarka shi ne jimlarka ta ƙarshe. Diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke isa ƙoda, kuma idan aka haɗa su da gumi mai yawa a zafin Afrilu da wasu magungunan hawan jini, ƙoda na iya jin jiki sosai. Suna kuma iya ɗaga jinin da ake ƙoƙarin saukarwa, sannan suna ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da kai. Ka daina shan su kafin atisaye, ka kai maganar gaban likitanka.

Akwai kuma dokar wasanni, wadda ba ta sassauta wa dattijo. Magungunan sa fitsari, irin su hydrochlorothiazide da furosemide, suna cikin jerin abubuwan da hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta, saboda ana amfani da su wajen ɓoye wasu ƙwayoyi, alhali na farkon yakan zo a haɗe cikin ƙwayar hawan jini guda. Ka karanta kwalin maganinka. Idan yana ciki, kada ka daina sha da kanka. Ko dai likita ya sauya maka, ko ka nemi takardar izinin amfani da shi saboda jinya kafin gasa. Tramadol ma an haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024.

Majefin Dalma: Na yarda da Koci a kan furotin, amma kiriyatin bai kamata a wuce shi ba, domin yana cikin 'yan abubuwan da bincike mai yawa ya tabbatar da amfaninsu ga gajeren gudu da jifa, har ga masu shekaru, muddin ana ɗaga nauyi. Giram 3 zuwa 5 a wuni na wanda aka rubuta wa creatine monohydrate ya isa, ba a haramta shi ba, sai dai yakan ƙara kilo ɗaya ko makamancin haka na ruwa a tsoka. Abin gudu shi ne gwangwanayen da ke alƙawarin ƙara ƙarfin namiji ko ƙona kitse, don a irinsu aka fi samun haramtattun sinadarai, kuma ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka gani a fitsarinsa, ko da bai san yadda ya shiga ba. Lambar NAFDAC ba ta nufin an gwada kaya don dokar wasanni. Tambarin Informed Sport, shirin da ke gwada irin waɗannan kayayyaki don gano haramtattun sinadarai, shi ne ke nuna hakan.

Ma'aikaciyar Lafiya: Ƙari kaɗan a kan maganar Majefin Dalma: mai hawan jini ya yi gwajin ƙoda kafin ya fara kiriyatin, kuma ya sanar da likita yana sha, domin yakan ɗaga adadin creatinine, sinadarin da ake aunawa a jini don sanin lafiyar ƙoda, ba tare da ƙodar ta samu matsala ba, sai sakamakon ya rikita mai karantawa.

Tsohon Ɗan Tsere: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba kwalin, kuma lallai akwai hydrochlorothiazide a ciki, don haka zan fara da ganin likita. Koci, idan na koma gudu mai ƙarfi sau biyu a mako, ɗaga nauyin a rana ɗaya zan haɗa shi da gudun, ko washegari?