Neman shawara: muna son shuka kayan miya a bakin titin unguwarmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina garin Marwa a Kamaru, unguwar Dugoi. Tsakanin katangarmu da lambatu akwai 'yar ƙasa da faɗinta bai wuce taku biyu ba, ta zama juji: leda, robobi, ruwan wanke-wanke. Da damina leda ta toshe lambatu, ruwa ya kwanta, sauro ya hana yara barci. Mu matan layin mun ce bari mu share wurin mu shuka yakuwa, kuɓewa da alayyahu, kowa ya samu na miya. Ta ina za mu fara? Kuma ganyen bakin titi yana ciyuwa kuwa?

Wani dattijo mai lambun albasa a Meskin:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Kafin ki sayi iri, ki duba rana tukuna. Titunan Marwa darbejiya ta lulluɓe su, kuɓewa kuwa ba ta 'ya'yan kirki a inuwa, sai ta sha rana awa 6 ko fiye. Ƙasar juji kuma kada ku yarda da ita, akwai fasassun kwalabe da tsofaffin batura a ciki. Ku samo buhunan shinkafa, ku huda gindinsu, ku cika da ƙasar gona, yashin mayo (wato kogi) da takin awaki wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona shuka yake yi. Alayyahu cikin wata ɗaya kun fara yanka, kuɓewa sai ta kai wata biyu.

Wata ma'aikaciyar lafiya:
Yaya, maganar ci ta danganta da irin titin. Bakin kwalta inda manyan motoci ke bi, ganye ya fi komai kwasar ƙura da hayaƙi. Tun 2006 aka daina sayar da fetur mai dalma a ƙasashenmu na kudu da Sahara, amma dalmar da ta riga ta zauna a ƙasa ba ta ruɓewa, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa. Shi ya sa nake tare da Baba kan buhu. Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Don Allah kada wani yaro ya ɗebi na lambatu ya yi ban ruwa, ba mu manta kwalarar 2010 ba a wannan yanki namu. Ku riƙa tara ruwan wankin shinkafa da na alwala.

Wani ɗan'uwa daga Domayo:
Hajiya, awaki fa? In babu darni ko zana, kafin azahar sun gama da yakuwar. Sannan bakin titi ba na mai gida ba ne, na hukuma ne, wani wurin ma bututun ruwa na ƙarƙashi. Mazajenku su sanar da jauro, wato mai unguwa, daga nan a je ofishin magajin gari. Ku kuma bar wa masu tafiya a ƙasa hanya, kada 'yan makaranta su sauka gaban babura.

Wata uwa:
Ni dai ban goyi bayan a fara yanzu ba. Zafin Maris da Afrilu yana haura 40, ruwan sha ma da ƙyar. Ku jira ruwan Yuni. Ku kuma yi magana tun yanzu kan wa zai yi ban ruwa, wa zai tsinka, don a nan zumuncin maƙwabta ke ɓaci.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Layinmu ba kwalta ba ne, rana kuma tana bugun wurin daga hantsi har la'asar. Maigida ya ce zai ga jauro ranar Juma'a. Baba, irin kuɓewar fa, na kanti ko na gida?

Dattijon:
Na gida 'yata, ya saba da zafinmu. Ki jiƙa shi ya kwana a ruwa, ki sa ƙwaya uku a kowane buhu. In sun tsiro ki bar biyu masu ƙarfi.