Wai me za mu kira bulon robar nan da yara ke haɗa mota da su?

Baban Yara:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu Hausa ku taimaka min da kalma. Ranar Asabar na zauna da yarona ɗan shekara 7 muka haɗa tipa da 'yan bulon robar nan masu shiga juna, irin waɗanda ake cewa LEGO, to tun daga yaga leda har muka saka tayar ƙarshe na lura ba mu da sunan komai, maganarmu kaf daga "miƙo wancan" sai "a'a ba shi ba, ja ɗin" sai "siririn nan fa, a'a ɗayan siririn", kusan awa biyu muna nuni da yatsa kamar ba yare ɗaya muke ji ba. Ɗan littafin da ke cikin kwalin ma ba rubutu a ciki, hoto ne da lamba da kibiya kawai. Rashin sunan nan har ya ja mana aiki, na ce ya ba ni dogon baƙi ya ba ni wanda ya gaza da ɗigo ɗaya, ni kuma ban ƙirga ba na danna, sai da muka zo ɗora bodi ya ƙi zama muka gane, dole muka wargaza rabin motar. Kuma namu ɗin ma ba na kamfanin LEGO ba ne, da na ce lego sai yaron ya juya kwalin yace Baba ai ba haka aka rubuta ba. To me sunan abun da Hausa? Da su kansu 'yan ɗigon da ke samansa?

Ɗan Zamani:
Yaya kai ma dai da neman wahala hhh. Kawai ku ce lego a wuce wajen. Ba haka muka yi da omo ba? kowane garin wanki omo ne ko wane kamfani ya yi shi, biro ma sunan mutum ne. Lego gajere ne, yana da daɗin faɗa, harshen Bahaushe ba ya tuntuɓe a kai, me kuma ake nema.

Malam Mai Nahawu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena Ɗan Zamani ba ka yi ƙarya ba, aro ba laifi ba ne, kuma ko mun ƙi ko mun so mutane za su ci gaba da cewa lego. Amma duba tambayar da kyau, matsalarsa ba sunan kwalin ba ce, a tsakiyar aiki ya rasa abin faɗa, lego kuwa ba ta ba ka aikatau, ba ta ba ka sunan ɗigon. Kuma su masu abun ma ba su tsaya a kan lego ba. Wani kafinta ne a garin Billund na ƙasar Denmak, Ole Kirk Christiansen, ya fara yin kayan wasa na katako a 1932, bayan 'yan shekaru ya sa wa kamfanin suna daga kalmomi biyu na yarensu, leg godt, wato yi wasa da kyau. Kun ga sunan ya girmi bulon, lokacin agwagwar katako da motocin katako suke yi. Bulon roba sai 1949, shi ma sun ɗauko fasalin ne daga na wani Bature ɗan Ingila Hilary Page mai kamfanin Kiddicraft, sunan farko da suka ba shi ma'anarsa bulo masu ɗaure kansu, a 1953 suka koma cewa LEGO Mursten, mursten ɗin nan bulon gini ne a yarensu ba wani abu ba. Jamusawa kuma suna da kalmar da ta haɗa na kowane kamfani, Klemmbausteine, duwatsun gini masu matse juna. To in su sun koma wajen magina sun ɗauko kalma me zai hana mu? Ni dai na fara da tubalin roba.

Tsohon Magini:
Malam a gafarce ni, tubali bai hau ba. Na shekara sama da talatin ina gini, tubali da hannu ake mulmula shi da ƙasa, ba shi da kusurwa, kansa a tsuke gindinsa da faɗi. Wannan abun na jikokina na riƙe shi na juya shi, kusurwa huɗu ne cif, cikinsa rami, in ka jera shi layi yake bi, wannan bulo ne ba tantama. Har dokar ginin ma ɗaya ce, kada gaɓa ta hau kan gaɓa, bulon sama ya hau rabin wannan da rabin wancan ya ɗaure su. Baban Yara in ka ga motarka na rabewa biyu da an ɗaga ta to duba ƙasanta, za ka samu ka jera gaɓoɓin a layi ɗaya. Inda suka bambanta da namu ɗaya ne, namu sai da kwaɓin siminti, wannan shi yake riƙe ɗan uwansa da kansa. To duk sunan da za ku sa ya faɗi wannan, in ba haka ba bulon roba kawai ai har waɗanda ake ɗorawa su rushe da an taɓa sun shiga ciki.

Malam Mai Nahawu:
Na karɓi gyara Baba, na janye tubali. Kuma wannan riƙon da kuka ambata shi ne ma asalin abun. Na 1949 ɗin ƙasansu fayau yake ba komai, ana ɗorawa suna zamewa. Ɗan kafintan, Godtfred, shi ya yi rajistar fasalin da muke gani yau ranar 28 ga Janairu 1958, aka sa 'yan bututu a cikin ramin, ɗigon bulon ƙasa ya shiga ya matsu tsakanin bututun da bango. Juya mai ɗigo takwas ka gani, bututu uku ne a ciki. Bulon 1958 har yau yana kama na bana. To ga wasu: bulon kama-juna, ko bulo mai haƙori tunda cizo yake.

Bakanike:
Haƙori kam a'a Malam, ku bar mana shi. Akwai irin na manyan yara da kamfanin LEGO ya fito da shi a 1977, wanda ake kira Technic, a ciki akwai giya ta gaske mai haƙora, da fistin mai hawa da sauka, da sitiyarin da in ka murza tayoyin gaba su juya. Ranar da yaron ya kai wannan matakin ka ce masa miƙo mai haƙori takwas me zai miƙo, bulo ko giya? Sannan roba ɗin ma ina da magana a kai, mu komai roba ne, bokiti roba taya roba, alhali a motar nan iri biyu ne, tayar mai laushi ce tana lotsawa, bulon kuwa mai tauri ne da ake kira ABS, tun 1963 kamfanin LEGO ke amfani da shi, shi yasa in ka taka ba ya lotsawa ƙafarka ce ke lotsawa. Sauran kayan motar kuma kar wanda ya wahalar da kansa, suna da suna tuntuni, kan mota, bodi, gilas, bamba, fitila, madubi, salansa, taya da wili. In bodin na ɗagawa ya zubar da kaya tipa ce, in ƙarama ce mai buɗaɗɗen baya a-kori-kura, in kai daban jiki daban tirela. Oga abinda ya rage muku bulon ne kawai da ɗigonsa.

Ɗan Zamani:
To ku ce motar haɗi mana ko haɗa-mota shikenan

Malam Mai Nahawu:
Gobe in ya rushe tipar ya gina gida da su fa, sai mu ce gidan haɗa-mota? Sunan ya zauna a kan bulon, ba kan abinda aka gina ba. Bulo shida kacal masu ɗigo takwas, launi ɗaya, ana iya haɗa su ta hanya 915,103,765, wani malamin lissafi ɗan Denmak Søren Eilers ne ya ƙirga da kwamfuta. Abinda ke da fuska haka ba a ɗaure shi da mota.

Maman Biyu:
Sallama, ina ta karantawa ina dariya don ni ce mai share su kullum, kuma wlh wanda bai taɓa taka ɗaya da tsakar dare ba takalmi ba bai san abun ba. Ni ɗinki nake yi, kuma tun ranar da na fara ganinsu abinda ya zo min rai maɓalli ne, ba mai rami huɗu da ake ɗinkawa da zare ba, wanda ake dannawa ɗin nan na rigunan jarirai, ɗaya da ɗan kai ɗaya da rami, ka danna ya ce ɓas ya kama, ka ja ya saki, ka sake dannawa ya sake kamawa ba abinda ya lalace. To ba shi kenan ba? A gidana dai ba wanda ya zauna ya ƙirƙira, haka kawai nake ce musu ku ɓalla shi da kyau, ko wa ya ɓalle min wannan, kuma ba su taɓa tambayata me nake nufi ba. Ɗigon maɓalli ne, abun kuma bulo mai maɓalli. Af, Baban Yara in akwai ƙarami a gidan wanda bai kai shekara 3 ba a kula da ƙananan, baki suke kaiwa, akwai manya da aka yi don su, Duplo, ninki biyu ne a girma ba sa haɗiyuwa.

Malam Mai Nahawu:
Kai! Hajiya kin gama da mu. Tun ɗazu muna ta neman suna ashe aikatau ya kamata mu fara nema. Ku duba abinda kalmar ta zo da shi kyauta: ɓalla shi ne ka haɗa, ɓalle shi ne ka raba, ya ɓallu wato ya kama daram, maɓalli da maɓallai ga ɗigon, duk daga saiwa ɗaya kuma ba wadda muka ƙera yau, kowane yaro ya san su daga rigarsa. Kama-juna da na kawo ba ta da wannan, za ka ce kama amma in za ka raba sai ka nemo wata kalma daban. Na janye ita ma.

Ɗan Zamani:
Anti ta kawo magana gsky amma bulo mai maɓalli ya yi tsawo, wane yaro ne zai ce Baba siyo min bulo mai maɓalli. Kuma maɓalli ai an riga an ba kwamfuta da makunnin wuta, sannan ɓalle na nufin karyewa ma, in yace ya ɓalle ba ka sani ba ko ya cire ne ko ya lalata

Tsohon Magini:
Yaro kai ma kalma nawa ce ke da aiki ɗaya? Kai na mutum, kai na mota, kai na ƙusa, ka taɓa ruɗewa? Wanda ke zaune gaban tulin bulo aka ce masa mai maɓalli huɗu ba zai tashi ya ɗauko kwamfuta ba.

Malam Mai Nahawu:
Tsawon kuma baki ne zai rage shi, ba mu ba. Cikakken suna bulo mai maɓalli, a rubutu ko in ana bayani, a wajen wasa bulo kawai ya isa, wanda ya ce lego ma ba za mu kai shi kotu ba. Saura siraran da mai tambaya ya ce suna ruɗa su. Tsayin bulo milimita 9.6 ne in ba a haɗa da maɓallin ba, siririn 3.2, wato uku in ka ɓalla su a kan juna sun yi bulo ɗaya cif. Ina ganin falle ya dace da shi, kamar fallen takarda. Wanda samansa ba maɓalli ko ɗaya, da ake rufe aiki da shi, falle sumul. Wajen ƙirga kuma kar a ce mai takwas kawai, don layi ɗaya mai takwas daban layi biyu mai hurhuɗu daban, a ce ɗaya-takwas, biyu-huɗu, faɗi sannan tsawo. Daga tsakiyar maɓalli zuwa na kusa da shi milimita 8 ne a ko'ina, shi yasa ƙirgen maɓalli ya fi aunawa da ido, da kun ƙirga da ba ku wargaza rabin tipa ba.

Bakanike:
Falle ya yi. Da shi ake shimfiɗa ƙasan motar ai, dogayen falle biyu a ɗaure su da wani a gicciye sannan a sa sandar taya, in ka fara da bulo mai kauri motar za ta yi tsayi ta riƙa kifewa a kwana.

Baban Yara:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Jiya da daddare na gwada ban gaya masa komai ba, muka rushe tipar don mu mai da ita tirela, na ce ba ni falle baƙi biyu-shida, ya tsaya ya kalle ni, na nuna masa sau ɗaya yadda ake ƙirga maɓallan shikenan bai sake tambaya ba, can sai ji na yi yana cewa Baba wannan bai ɓallu ba danna da ƙarfi. Falle sumul ne bai karɓa ba, shi mai santsi yake cewa, na bar shi. Inda muka maƙale kuma falle biyu ne suka manne da juna ƙam, farce ya ƙi shiga, ya kai baki zai ciza na hana shi, sai na tuna akwai wani ɗan abu mai ruwan lemo a kwalin mai kama da ƙaramin lebur wanda ban san amfaninsa ba na ajiye gefe, ashe na raba su ne, ka ɓalla bakinsa a kan fallen ka danna bayansa sai ya ɗago. Na tambaye shi wannan kuma me za mu ce masa, yace abin ɓamɓarewa. Malam, maɓamɓari ya halatta ko mun wuce gona da iri?

Malam Mai Nahawu:
Ya halatta, ƙirar mabuɗi da matsefi ce. Sai dai ka faɗe shi sau uku da sauri mu ji ko harshenka zai kai.