Neman kalmar Hausa: me za mu kira "setting book"?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshe. Na kawo muku wata kalma da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina so in shimfiɗa dalilaina kafin in faɗi inda na tsaya. Kalmar ita ce "setting book", wadda masu wasan Dungeons & Dragons da ire-irensa suke amfani da ita, wani lokaci kuma su ce "campaign setting", wato littafin da yake bayyana ƙagaggen wurin da labarin wasan yake faruwa. Abin da ya tayar da maganar shi ne na zauna zan rubuta wa abokan wasanmu bayani a kan irin waɗannan littattafai da ake ɗokin fitowarsu nan gaba, sai na tarar ba ni da sunan da zan kira su da shi, alhali kuwa duk bayanin a kansu yake.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum huɗu ko biyar ne suke zama, kowa ya ɗauki matsayin tauraro guda, wannan jarumi, wancan mai sihiri, wancan ɓarawo, sannan mutum ɗaya ya zama jagora, shi ne mai bayyana musu abin da suke gani da kuma yin magana da bakin duk wanda suka gamu da shi. Idan aka zo ga abin da zai iya yiwuwa ko ya ƙi, kamar tsallake rami ko shawo kan mai gadi, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20 ya raba gardama. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a 1974 ta hannun kamfanin TSR, wanda Wizards of the Coast ya saye a 1997. Littattafan wasan iri uku ne. Akwai na dokoki, wanda sunansa ba ya bukatar nema. Akwai wanda yake ɗauke da labari guda mai farko da ƙarshe, a buga shi cikin makonni ko watanni a gama. Na ukun shi ne abin da ya tara mu.

Bari in nuna aikinsa da abin da ya faru a gabana. Wata rana bayan la'asar muna zaune a kan tabarma, taurarin 'yan wasana suka isa ƙofar ƙagaggen birnin Waterdeep, sai ƙaramin cikinsu ya dube ni ya ce, "Yaya, wa yake mulkin garin nan? Ina so in kai ƙarar mutumin da ya sace mana doki." Wannan tambaya ba ta cikin shirin da na yi, amma amsarta tana cikin littafin: birnin yana hannun wata majalisa ce ta masu mulki da suke rufe fuskokinsu, mutum ɗaya ne kaɗai a cikinsu jama'a suka san ko wane ne. Ina gama faɗar haka aka manta da maganar doki, suka shiga ƙulla yadda za su gano wanda yake ƙarƙashin ɗaya daga cikin rufin fuskokin, muka kuwa shafe makonni a kan haka. Littafin bai faɗa mini abin da zai faru ba. Ya ba ni birni da ƙofofinsa da kasuwanninsa da masu mulkinsa da gabar da ke tsakaninsu, ya bar mana sauran. Duk kalmar da za mu zaɓa, wajibi ne ta riƙe wannan siffa: wuri ne da aka shirya tsaf, labarinsa kuma bai faru ba tukuna.

Abin da ya fara zuwa bakin kowa shi ne "littafin duniya", kuma ba a rasa hujja ba, domin Greyhawk da aka buga a 1980, da Forgotten Realms na Ed Greenwood da ya fito a 1987, duniyoyi ne sukutum masu nahiyoyi da tekuna da tarihin dubban shekaru. To amma Bahaushe idan ya ji "littafin duniya", ko dai ya ɗauka na labarin ƙasa ne mai taswirori, ko kuma ya ji shi a matsayin kishiyar littafin addini. Ban da wannan, kalmar ta yi wa wasu yawa, ta kuma yi wa wasu kaɗan. Wani littafi da aka fitar a 2015 gaɓar teku guda ce ta Forgotten Realms ya fi mayar da hankali a kanta. Ravenloft yankuna ne a warwatse da hazo ya kewaye, kowanne da azzalumin da aka tsare a cikinsa. Spelljammer na 1989 jiragen ruwa ne da suke yawo a sararin samaniya tsakanin duniyoyi, Planescape na 1994 kuma ya kafu ne a kan birnin Sigil mai ƙofofin da suke buɗewa zuwa ko'ina. A gefe guda ina roƙon a guji cewa marubuci ya "halicci" duniya, domin kalma ce mai nauyi a wurinmu, kuma muna da "ƙaga", wadda ta riga ta zauna daram a cikin "ƙagaggen labari".

"Muhalli" ba za ta ɗauke mu lokaci ba: ma'aikatar muhalli da tsaftar muhalli sun riga sun mallake ta, duk wanda ya ga "littafin muhalli" zai sa ran karanta maganar zaizayar ƙasa da dashen itatuwa. "Dandali" ta fi jan hankalina, saboda wurin wasa ne na asali, sai dai dandalin sada zumunta ya cinye ta a wannan zamani, kuma dandali wuri ne da mutane na haƙiƙa suke taruwa, don haka ta fi dacewa da tabarmar da muke zaune a kai fiye da birnin da taurarinmu suke ciki.

Inda na tsaya shi ne "kundin fage". Fage fili ne da ake sharewa a keɓe kafin a soma, kamar fagen dambe da fagen kokawa da fagen sukuwa, kuma babu wanda zai kalli fage ya faɗi wanda zai yi kaye a cikinsa. Wannan ita ce ainihin siffar da muke nema. "Kundi" kuwa na fifita shi a kan "littafi" ne saboda yadda ake amfani da shi. Kundin malami tarin takardu ne da ba a karanta su daga bango zuwa bango, buɗewa ake yi a ɗauko abin da bukata ta kawo a mayar, kuma haka jagoran wasa yake yi da nasa.

Na kai wannan shawara wurin wani malamin Hausa da nake girmamawa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, fage ai fili ne fetal da ido yake ganin iyakarsa. Ta yaya zai ɗauki dauloli da addinai da tarihi?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai mun daɗe muna cewa fagen siyasa da fagen ilimi da fagen fama, kuma babu wanda ido yake ganin iyakarsa a cikinsu." Na ƙara da cewa abin da fage ya rage, kundi ya cike shi, domin jin kalmar kundi kaɗai yana sanar da mutum cewa akwai tarin bayani. Ya amince da rabin maganar, ya kuma ba ni gyaran da na karɓa hannu bibbiyu: idan ana bayani ga baƙon wasan, a fara da "ƙagaggiyar duniya" don ya gane, daga nan a ci gaba da "fage".

Amfanin wannan rabewa yana fitowa ne idan aka zo maganar littattafan da ke tafe, domin dawowar fage ba iri ɗaya ba ce. Tun da aka shiga bugu na biyar na wasan a 2014, Eberron ya dawo a 2019 da cikakken kundinsa, haka ma Ravenloft a 2021. Dragonlance kuwa da ya dawo a 2022, a cikin littafin labari guda ya zo, da bayanin fagen a gefe. Greyhawk ya dawo a 2024 a matsayin babi a cikin littafin jagoran wasa. Dark Sun na 1991, fagen hamada inda ƙarfe yake da wuyar samu kuma sihiri yake ƙona tsirrai, shekara goma na farkon bugu na biyar suka wuce bai samu kundi ba, ga shi kuwa masoyansa ba su daina kira ba. Saboda haka idan aka ce wani fage zai dawo, tambayar da mai saye zai yi ita ce: da kundinsa zai zo, ko a cikin littafin labari za a saƙa shi? Da "littafin duniya" ba za a iya yin wannan tambaya a taƙaice ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi kusa da zuciyata. Eberron ya samo asali ne daga gasar da kamfanin Wizards of the Coast ya shirya a 2002, inda aka aiko da shawarwari kimanin 11,000, aka zaɓi ta Keith Baker, kundin ya fito a 2004. A 2021 kamfanin Paizo, mai wasan Pathfinder, ya fitar da kundin Mwangi Expanse, wanda ya ɗebo daga al'adun Afirka. Ranar da wani namu zai zauna ya ƙaga fage mai ganuwa da ƙofofi, da ayarin fatake da madugunsu, da 'yan tauri da sarautun fada, ina so ya tarar da sunan abin da yake rubutawa yana jiransa da Hausa.

Jam'in shi ne "kundayen fage", idan kuma fagagen ne da yawa a cikin kundi ɗaya sai a ce "kundin fagage". Ina roƙon 'yan'uwa na Sakkwato da Katsina da Damagaram su gwada shi a bakinsu su faɗa mana yadda ya zauna. Ni dai a bayanin da na aika wa abokan wasanmu ga yadda na rubuta: "Greyhawk tsohon fage ne, ya dawo a 2024, amma ba da kundinsa ba."