Waɗanda suka taɓa hawa Mount Wilson ku ba mu labari

Baban Hanifa: Salam 'yan uwa. Ina so in kai yara wurin hangen taurarin nan da ke kan dutsen Mount Wilson a Kalifoniya, dan Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mana yadda ya ga wurin, musamman hanya.

Ɗan Gumel: Wslm Baban Hanifa, sau biyu na je. Hanyar kam sai a hankali, daga Los Angeles ba nisa sosai amma kwana-kwana ce tun daga gindin dutsen har sama, ƙaramin yarona sai da ya yi amai a mota. Tsayin wurin ya kai mita 1,740, kana isa za ka ga hazon garin duk ya kwanta a ƙasanka, iskar saman kuma ba ta yawan motsi, shi ya sa masanin taurari George Ellery Hale ya zaɓi nan ya kafa wurin a 1904. Ka tafi da rigar sanyi ko da bazara ce.

Malama Uwani: Ni da dare na je, mun haɗa kuɗi mu da abokan karatu aka buɗe mana madubin hangen nesa mai faɗin inci 60, wanda aka gama a 1908, lokacin duk duniya babu kamarsa. Wlh da na sa ido na ga duniyar Zuhal (Saturn) da zobenta ras, ba hoto ba, ba a waya ba, da idona, sai na ji bakina yana ta tasbihi ni kaɗai, na sauko na sake bin layi har sau uku. Ba a kunna farin haske a ciki, jar fitila kawai, saboda ido ya saba da duhu, to ka ja wa yara kunne kan waya tun daga gida.

Injiniya: Abin da ya tsaya min a rai shi ne babban, mai inci 100 da ake kira Hooker, na 1917. A Faransa aka zuba gilashinsa aka ɗauko shi a jirgin ruwa, kuma cike yake da ƙananan kumfa a ciki har da farko aka ƙi shi, daga baya da wani bai samu ba aka dawo aka goge shi, ya yi shekara kusan 30 yana na ɗaya a duniya kafin na dutsen Palomar, shi ma a Kalifoniya, mai inci 200 ya wuce shi. Da shi masanin taurari Edwin Hubble ya gano a 1923 cewa Andromeda wani garken taurari ne daban can nesa da namu, a 1929 kuma ya nuna sararin samaniya faɗaɗa yake. Na daɗe tsaye a ƙarƙashinsa ina kallon ƙusoshin ƙarfen, aikin hannu ne zalla irin na jirgin ruwa.

Ɗan Gumel: Injiniya ka manta Milton Humason! Mutumin da alfadarai yake kora da kaya zuwa saman dutsen, ya zama mai shara a wurin, ƙarshe shi ke ɗaukar wa Hubble awon hasken taurarin. Wannan labarin na fi ba yarana, ko sakandare bai gama ba fa.

Malama Uwani: Abin da ya ɗan sosa min rai hasken birni ne, ɓangaren Los Angeles sama ja take, taurarin da nake gani da ido a ƙauyenmu da sanyin hunturu sun fi na can yawa. Kuma ka duba labarin gobarar daji kafin ka tashi, ta 2020 saura ƙiris ta cinye wurin, in ana irin wannan rufe hanya ake.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Za mu fara zuwa da rana ranar Asabar in sha Allah, na dare sai Hanifa ta ƙara wayo.